Jar ƙasa ce ta riƙe takinka

*Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Kura a jihar Kano. Tun ina yaro nake bin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, noman shinkafa a Kadawa. Da aka raba gado, abin da ya zo hannuna bai kai rabin eka ba. Bara Yayana, wanda ke kasuwanci a cikin Kano, ya ba ni kuɗi na kama hayar gona hekta biyu a wani ƙauye kudu da Saminaka. Tudu ce, jar ƙasa, na shuka shinkafar damina. Na sayi kamfa 20-10-10 buhu uku da yuriya buhu shida. Kuɗin taki bai iso da wuri ba, sai da shuka ta yi kamar sati biyar na watsa kamfar. Shinkafar ta yi kore har ta yi duhu, amma ta ƙi tashi, ta ƙi 'ya'ya, ganyenta a tsaye siri-siri kamar tsintsiya. Na ƙara mata yuriya, ko gezau. Ta makara wajen fitar da kai, ruwa ya ɗauke, na tashi da buhu 17, shi ma rabi holoƙo. Wuri biyu kaɗai suka yi kyau: inda Fulani suka taɓa ɗaure shanu, da wani ɗan kwari a ƙasan gonar inda ruwa ke kwanciya. Yanzu Yaya yana cewa sayar da takin na yi, ya daina ɗaga wayata. Ni kuma ina zargin mai shagon jabu ya sayar mini, wasu kuma na cewa hannu aka sa wa gonar. In kai ƙarar mai takin ne? In bar gonar? Ya zan yi da Yaya?*

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, kai kuma ya mayar maka da mafificin alheri.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wuraren nan biyu da ka jefo a ƙarshe kamar ba a bakin komai suke ba: makwancin shanu da ɗan kwari. Ka riƙe su da kyau, don su ne shaidunka. Wanda zai sa wa gona hannu ba zai tsallake inda shanu suka kwanta ya bar shi ya yi yabanya ba. Da kuma sayar da takin ka yi, da shinkafarka rawaya za ta yi tun daga tsofaffin ganye, yadda ko mai wucewa a kan babur zai gane yunwa ce. Koren nan mai duhu da ka gani yana nufin yuriyar ta shiga gonar kuma ta yi aikinta. Abin da shinkafar ta rasa daban ne.

Ka ɗauko wofin buhun kamfar ka duba lambobi ukun da ke jikinsa. Ta farko naitirojin ce, sinadarin da ke cikin yuriya, mai sa ganye kore. Ta ƙarshe fotash. Ta tsakiyar ita ce fosforas, wanda iyayenmu suka sani ta hanyar takin sufa da ake yi wa gyaɗa. Shi ne ke kafa saiwa, shi ke sa shinkafa ta tara 'ya'ya, ta ɗauki ciki a kan kari, ƙwaya kuma ta cika. Yunwarsa mayaudariya ce. Daga nesa gona kore shar, mutane na ma sha Allah, sai ka kutsa ciki ka tarar gindin da ya kamata ya cika maka hannu sanda uku ne ko huɗu, kara siriri, ganye a miƙe tsaf, a wasu iri ma ganyen ƙasa ya ɗan yi ja-ja. Sannan ta jinkirta nuna da sati guda ko fiye, wanda a noman damina shi ne bambancin samu da rashi. Duk abin da ka lissafa a wasiƙarka ke nan, kamar ka kwafo daga littafi.

Bari mu yi ɗan lissafi, don shi za ka kai wa Yayanka. Buhu mai kilo 50 na 20-10-10, kilo 5 ne kacal na fosforas a cikinsa, bisa ƙidayar da ake rubutawa a jikin buhu. Buhu uku, kilo 15. Ka raba wa hekta biyu, kowace ta sami kilo 7 da rabi. Shawarar da malaman gona suka saba bai wa manomin shinkafa ita ce buhu huɗu na 15-15-15 a hekta ɗaya, wato kilo 30 na fosforas, sannan yuriya buhu biyu daga baya. Ka ga rubu'in abin da ake nema ka bayar. Ta ɓangaren naitirojin kuwa, in ka haɗa na yuriyarka da na cikin kamfar, kowace hekta ta sha kilo 84, alhali waccan shawarar 76 take bayarwa. Wato mai ƙishirwa ka yi ta ƙara wa tuwo.

Wannan ma rabin labarin ne. Ɗan kilo bakwai da rabin nan, kaɗan ne daga ciki ya isa bakin shinkafar, kuma a nan jar ƙasa ta shigo.

Jan da kake gani a ƙasar nan tsatsa ce, tsatsar ƙarfe, irin wadda ke cin tsohuwar garmar da aka jingine a bayan rumbu. A wuraren da zafi da ruwan sama suka daɗe suna wanke ƙasa shekaru aru-aru, yawancin abubuwan da ke narkewa sun bi ruwa sun tafi, aka bar tsatsar ƙarfe da ta alminiyam lulluɓe da ƙwayoyin yumɓu. Su kuwa ba abin da suke so kamar fosforas. Da zarar ƙwayar taki ta jiƙe ta narke, sai su cafke shi. A kwanakin farko riƙon sako-sako ne, saiwa na iya ƙwata. In aka yi makonni da watanni sai riƙon ya yi ta tsauri har ya zama saiwa na kusa da abinci amma ba ta iya ci. Ka tuna sabuwar randa. Ranar da aka kawo ta daga kasuwa, in ka zuba mata ruwa, da safe sai ka tarar ya ragu, ba ɓula gare ta ba, jikinta ne ya sha. Sai ta ƙoshi tukuna take fara ajiye maka ruwa. Gonarka sabuwar randa ce, kai kuma moɗa ɗaya ka zuba mata.

Ko a ƙasa mai sauƙin hali, shuka ba ta cika ɗaukar fiye da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari na fosforas ɗin da aka zuba a shekarar farko ba. Ke nan abin da shinkafarka ta samu daga buhunanka bai kai kilo 2 a hekta ba. Ita kuwa, kafin ta ba ka tan ɗaya, wato buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, sai ta sha wajen kilo 6 a irin wannan ƙidaya. Ragowar daga jikin ƙasar ya kamata ta samu, ƙasar kuma ta matse hannu. Abin ya fi muni inda ƙasa ke da tsami. Akwai ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH, wanda lambarsa ke raguwa in tsami ya ƙaru. In ya faɗi ƙasa da 5.5, ƙarfe da alminiyam sun fi ƙarfin kamu, tsakanin 6 da 7 ne fosforas ya fi sakewa. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru kuma ƙara wa ƙasa tsami yake yi.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ta fi cutar da kai. Yuriya mai yawo ce, ko a sama ka watsa ta, ruwa zai kai ta wurin saiwa. Fosforas gurgu ne. Inda ya faɗi nan yake zama, da ƙyar ya motsa tsawon gaɓar yatsa. Ka watsa shi a saman ƙasa, saiwoyi suna can ƙasa, saman kuma da an yi rana biyu ya bushe. Ga shi sai a sati na biyar ya zo, lokacin da shinkafar ta riga ta gama yanke shawarar yawan 'ya'yan da za ta yi. A makonnin farko take neman sa ido rufe. Abin da ta rasa a lokacin ba ya ramuwa, ko da daga baya ka juye mata tirela.

Na san abin da ke ranka: ai haka muke watsa kamfa a Kadawa, kuma shinkafa na yi. Gaskiya ne, amma can ruwa ne ke rufa muku asiri. In ruwa ya kwanta a fangali, iska ta yanke daga cikin ƙasa, sai ƙananan halittun da ke cikinta su koma kan tsatsar nan, su sauya mata kama. Ka taɓa lura da cewa lakar ƙarƙashin ruwa ruwan toka take yi, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi, maimakon ja? Alamar ke nan. Tsatsar ta narke, ta saki fosforas ɗin da ta riƙe. Cikin 'yan makonni kuma tsamin ƙasar yakan ragu, pH ya doshi 7, sannan a cikin ruwa abinci ya fi saurin isa ga saiwa. Ƙari a kan haka, ƙasar yankin Kano ta fi yashi, ba ta da kamu irin na jar laka, kuma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya fara bin kanal, ake ta zuba wa gonakin nan taki, na shinkafa, na alkama, na tumatir. Randar mahaifinku ta daɗe da ƙoshi. Ka girma kana cin gajiyar ajiyar da ba ka san da ita ba, sai ka ɗauki dabarar can ka kai inda ba ajiya, ba ruwa kwance.

Ɗan kwarin gonarka ƙaramar Kadawa ce, shi ya sa ya yi. Makwancin shanun kuma hanya biyu ya bi. Kashin shanu da kansa yana da fosforas, yana kuma sakinsa sannu a hankali. Sannan yayin da yake ruɓewa yana fitar da wasu sinadarai da ke zuwa su manne a jikin tsatsar, su cike gurbin da fosforas zai maƙale, sai wanda ke wurin ya sami sararin isa ga shuka.

Game da mai shago: kada ka kai shi ƙara. Ba na ce babu takin jabu a kasuwa ba, akwai, shi ya sa ma aka kafa dokar kula da ingancin taki a 2019. Amma kai ba ka da hujja, kuma ko da takin nan na gaske ne ɗari bisa ɗari, abin da ka gani shi za ka gani. In wani ya ce ka jiƙa shi a kofi, in ka ga tsakuwa a ƙasa to jabu ne, kada ka hau. Irin 20-10-10 ɗin da ya cika kasuwa tun bayan yarjejeniyar taki da Maroko a ƙarshen 2016 gauraye ne: yuriya, da DAP (wani taki mai yawan fosforas), da fotash, da ƙwayoyin farar ƙasa da ake cike nauyin buhu da su, waɗanda ba sa narkewa nan take. Sai in kana da buhun da ba a farke ba ne za a iya kai shi ɗakin gwaji a tabbatar. In babu, ka bar bawan Allah, kada a garin wanke kanka ka shafa wa wani kashin kaji. Laifin da zan ɗora wa 20-10-10 ɗaya ne: bai dace da ƙasa mai yunwar fosforas ba, kuma da yawanmu shi muke saye don shi ne a gaban shago. Zamanin da masana'antar sufa ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1976, take tashe, manomi ya san buhun sufa kamar yadda ya san na gishiri. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganinsa ba.

To in bar gonar? Kada ka yi saurin bari, amma kada ka koma mata yadda ka je bara.

Tun yanzu da rani, ka ɗebi ƙasa ka kai gwaji. Ka zaga gonar ka haƙa wuri goma sha biyar zuwa ashirin, zurfin kamar taƙi ɗaya, ka kauce wa makwancin shanu da kwarin da gindin bishiya. Ka haɗa a bokiti mai tsabta, ka cakuɗa, ka shanya a inuwa, ka ɗebi rabin mudu. Akwai ɗakin gwajin ƙasa a Samaru, Zariya, wajen cibiyar binciken aikin gona, akwai kuma a Jami'ar Bayero nan kusa da gida. Ka ce a duba maka tsami da yawan fosforas ɗin da shuka ke iya ɗauka. Kuɗin gwaji ba zai kama ƙafar asarar da ka yi ba.

Sannan ka rage faɗi. Da buhu tara ka rarraba wa hekta biyu ka tashi a tutar babu; da buhu bakwai za ka iya ciyar da hekta ɗaya ta ƙoshi: kamfa 15-15-15 huɗu, sufa ɗaya, yuriya biyu. In DAP ka samu, buhunsa kilo 23 ne na fosforas da 9 na naitirojin, ɗaya da rabi ya wuce kilo 30, sai dai ka sani babu fotash a ciki. Sufa buhunta kilo 8 ne zuwa 9, tana kuma tafe da farar wuta wadda ƙasarmu ke buƙata. In kuma 20-10-10 ne kaɗai a kasuwar, sai buhu shida zai ba ka kilo 30, kuma a lokacin ya riga ya ba ka naitirojin kilo 60, don haka sai ka ja hannu da yuriya. Jar ƙasa mai tsananin kamu takan nemi fiye da 30 ɗin a shekarun farko. Sakamakon gwajin ne zai faɗa maka.

Abin da ya fi yawan buhu muhimmanci shi ne inda za ka sa shi da ranar da za ka sa. Ranar shuka, ba bayanta ba. In kuɗin taki bai zo ba, gara ka jinkirta shuka kwana uku da ka shuka kana jiran taki. Ka yi shuka a layi, ka ja ɗan rami gefen layin, nisan yatsu uku daga irin, ya ɗan fi shi zurfi, ka zuba takin ka rufe. Kada ya taɓa irin, musamman DAP, yana ƙona tsiro. Hikimar ita ce, in ka watsa shi ko'ina, kowace ƙwaya ta faɗa hannun tsatsa mai yunwa ita kaɗai. In ka tara shi a layi ɗaya, 'yar ƙasar da ke kewaye da shi ta sha ta ƙoshi, ragowar ya zauna yana jiran saiwa. Irin wannan tunanin ne ya haifar da dabarar da masu bincike na ICRISAT, wata cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, suka yaɗa daga Sadore kusa da Yamai, ta sa cikin murfin kwalba ɗaya na kamfa, wajen giram 6, a ramin gero ranar shuka. Taki kaɗan, amma a bakin mai ci. Aiki ne, na sani, sai ka ƙara 'yan ƙwadago. Ya fi ka biya kuɗin takin da ƙasa za ta haɗiye.

Ka nemi takin gargajiya iyakar ƙarfinka, a zuba kafin haro. Kashin kaji ya fi kowanne fosforas. In akwai fahimtar juna tsakanin mutanen ƙauyen da makiyaya, ka bi ta hannun mai gonar a roƙi su kwana da shanu a ciki da rani, yadda kakanni suka saba. Karan shinkafa kuma kada ka cinna masa wuta. Gaskiya yawancin fosforas cikin ƙwaya yake tafiya, kusan kashi biyu cikin uku, ya bi buhu zuwa kasuwa, amma karan yana mayar da fotash, kuma ruɓewarsa na tausasa ƙasar. In gwaji ya nuna pH ya yi ƙasa da 5.5, a sa farar ƙasa ta noma ko toka makonni kafin shuka, a cakuɗa da ƙasa. Kada dai ka haɗa toka da yuriya ko da sufa a kwano ɗaya: yuriyar za ta bi iska, sufar za ta daskare. Za ka ji ana maganar garin dutsen fosfat, irin wanda ke kwance a yankin Sakkwato da Tawa a Nijar da Tilemsi a Mali. Yana aiki a ƙasa mai tsami, amma a hankali yake narkewa, na mai dogon zama ne, ba na wanda ke neman fita kunya bana ba.

Dogon zaman nan shi ne abin da nake so ka tsaya ka yi tunani a kansa kafin ka sake biyan haya. Fosforas ɗin da ƙasa ta riƙe bai ɓace ba. Ba ya bin iska kamar yuriya, ba ya saurin bin ruwa zuwa ƙarƙashi. Yana nan, wani ɓangare na dawowa kaɗan-kaɗan, kuma duk shekarar da ka ƙara, ƙasar na rage haɗama. A Burazil akwai wani makeken daji mai jar ƙasa mai tsami da ake kira Serado, wanda a da ake ganin ba ya noma. Daga shekarun 1970 suka dage da zuba masa farar ƙasa da fosfat, yau yana cikin manyan wuraren noman waken suya da masara a duniya. Amma su gonakinsu ne. Kai in hayar shekara ɗaya ka kama, ka kashe kuɗi ka shayar da randa, badi mai gona ya ga yabanya ya karɓe abinsa ko ya ninka haya, wa ka yi wa aiki? Ka zauna da shi gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta shekara uku ko fiye, da kuɗin kowace shekara. In ya ƙi, ka noma kwarin da kewayensa kawai bana, ka nemi wata gonar.

Kwarin ma ka faɗaɗa shi. Ka ɗaga kunya a gefen gangaren yadda ruwan sama zai riƙa tsayawa, ka mayar da abin da za ka iya fangali. Can ne wurin irin shinkafar fadama kamar FARO 44. Ba ka faɗa mini irin da ka shuka ba, amma in na Kadawa ka ɗauko ka kai tudu, ka ƙara wa kanka wani nauyin. Tudu na da nata, irin su FARO 55 da ake kira NERICA 1. Ka dai sa ido: a kwarin jar ƙasa, ƙarfen da ruwa ya narkar yakan yi yawa har ya zama guba. In ka ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa sun fara daga bakin ganyen ƙasa suna bazuwa, ka buɗe kunya ruwan ya tsiyaye 'yan kwanaki.

Tun da kana da 'yar gonarka a Kadawa, ga guzuri biyu. In aka janye ruwa ƙasa ta bushe, tsatsar na komawa yadda take, ta sake cafke abin da ta saki, wani lokaci da ƙarfi fiye da da. Shi ya sa alkama ko masarar da ta biyo bayan shinkafa takan fito da jan ganye. Ita ma a ba ta nata fosforas ranar shuka. Na biyun daga Madagaska yake, inda jar ƙasa ta addabi manoman shinkafa. Masu bincike na ƙasar da na Japan sun koya musu dama laka da takin fosfat, a tsoma saiwar dashe a ciki kafin a dasa, kowane gindi ya tafi da guzurinsa manne a jiki. Tana sa shinkafa ta kama da wuri ta kuma nuna da wuri. In za ka gwada, ka fara da fangali ɗaya tare da malamin gona, don in kwaɓin ya yi ƙarfi yana ƙona saiwa.

Saura Yaya. Ka sa kanka a matsayinsa: ya fitar da kuɗi daga jarinsa, bai ga gona ba, sai labarin buhu 17. Ba ɗan noma ba ne yanzu, ɗan kasuwa ne, kuma a kasuwa in kaya suka shiga ba su fito ba, wani ne ya ci. Kada ka tsaya jiran ya ɗaga waya, kada kuma ka yi ta aika saƙo ta bakin mata da ƙanne, nan magana ke canza riga. Ka sami wani babba da yake jin nauyinsa, kawunku ko aminin mahaifinku, ku je gida ku same shi. Ka tafi da wofin buhunan tara in suna nan, da rasit, da lissafin da muka yi a sama a rubuce. Ka fara da naka: Yaya, takin na zuba shi duka, amma na yi kuskure wajen zaɓensa da lokacin sa shi, na ɗauka ko'ina Kadawa ce. Kada ka buɗe baki da cewa kuɗinsa ne ya makara, ko da yake gaskiya ne. In zama ya yi daɗi, babban da kuka je da shi zai san yadda zai sako ta. Maganar sammu kuwa ka bar ta a ƙauyen da ka ji ta.

A zaman nan kuma ku warware abin da na tabbata ba ku warware ba tun farko: kuɗin nan bashi ne ko jari? In bashi ne, yana wuyanka, sai ku tsara yadda za ka biya a hankali. In jari ne ya sa don a raba riba, malamai sun yi bayani a babin ƙiradi cewa asarar dukiya kan mai dukiya take, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa, matuƙar ba sakaci ko ha'inci. Ko abin da ya faru ya shiga sakaci ko bai shiga ba, ku kai wa malamin da kuka yarda da shi ya duba muku, ni malamin gona ne. Duk abin da kuka tsayar a rubuta shi. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ba ta cire 'yan uwa ba.

Ban ba ka shawarar ka roƙe shi sabon kuɗi a wannan zaman ba. Gayyata za ka yi masa. In damina ta faɗi, ka ware fangali huɗu a tsakiyar jar ƙasar, kowanne taku biyar-biyar, iri ɗaya, rana ɗaya. Na farko yuriya kaɗai. Na biyu yuriya da kamfa a watse a sati na biyar, yadda ka yi bara. Na uku kamfa a binne gefen layi ranar shuka. Na huɗu kamar na uku, da ƙarin kashin kaji. Ka kafa turke a kowanne ka rubuta abin da aka sa. In shuka ta yi sati shida, ka biya masa kuɗin mota ya zo, ka ce ya zaɓi gindi goma a kowane fangali da hannunsa, ya ƙirga 'ya'yan, ya tuge ɗaya-ɗaya ya wanke saiwar a bokiti ya jera su a kan buhu. Ka ɗauki hoton ka turo mini, tare da takardar sakamakon gwajin ƙasar, sai mu duba adadin da za ka sa badi.